Yadda Ake Tantance Amfanin Taliya da Wake na Gwangwani Kafin a Saya

Taliya da wake ba baƙon abinci ba ne a gidajenmu, domin mun daɗe muna cin sa da manja da yaji. Abin da ya zo mana sabo shi ne samun sa a dafe cikin gwangwani, ko a bushe cikin leda, a manyan kantunan birane. A Italiya, inda ake kiran sa pasta e fagioli, tsohon abincin talakawa ne, kuma daga irin wannan girkin kamfanoni suka ɗauko haɗin da suke sayarwa. Ɗalibai da matafiya da ma'aikatan da ba su da lokacin tsince wake su jira ya nuna za su iya amfana da shi, amma ya dace mai saye ya san abin da zai duba a jikin mazubin kafin ya biya kuɗinsa.

Haɗin kansa yana da kyau ƙwarai. Busasshen wake yana ɗauke da furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin giram 23 a cikin kowane giram 100, busasshiyar taliya kuma tana da kimanin giram 12. Furotin ɗin alkama yana da ƙarancin wani sinadari mai suna laisin, wanda wake yake da shi da yawa, shi kuma wake yana da ƙarancin metiyonin, wanda alkama take cike giɓinsa. Idan suka haɗu a kwano ɗaya, jiki yana samun furotin mafi inganci fiye da a ci kowannensu shi kaɗai. Wannan amfani yana tabbata ne idan waken yana da yawa a ciki, kuma daga nan binciken mai saye yake farawa.

A juya gwangwanin a nemi jerin kayan haɗi. Ƙa'idar ita ce a jera su bisa nauyi, mafi yawa a farko, mafi ƙanƙanta a ƙarshe. Idan aka ga ruwa da tumatir da taliya duk sun gabaci wake, to abin da ke ciki romon taliya ne da aka yayyafa masa wake, komai girman hoton waken da ke gaban kwalin. Wasu kamfanoni suna rubuta kason wake cikin ɗari, kuma wanda ya fi yawan wake shi ne ya fi cancantar kuɗin mutum.

Daga nan sai teburin sinadarai, kuma layin farko da za a karanta shi ne na adadin ci ɗaya. Alƙaluman da ke teburin sau da yawa na rabin gwangwani ne, alhali mai jin yunwa gwangwanin gaba ɗaya yake juyewa a tukunya. A ce gwangwanin giram 400 ne, an kuma rubuta cewa ci ɗaya giram 200 ne. Wanda ya cinye duka sai ya ninka kowane adadi sau biyu. Idan na leda ne, a lura ko lissafin na busasshe ne ko na dafaffe, domin busasshiyar taliya tana da kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, kimanin 350 a giram 100, amma bayan ta sha ruwa ta kumbura adadin yana sauka ƙasa da rabin haka. Wajen kwatanta na kamfanoni biyu, a yi amfani da layin giram 100, tun da kowane kamfani yana yanka ci ɗaya yadda ya ga dama.

Gishiri shi ne abin da ya fi damuna a wannan abinci, kuma a kansa nake roƙon mai karatu ya fi tsayawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato miligiram 2,000 na sodiyum, sinadarin da ke cikin gishiri, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Wasu mazubai gishiri suke rubutawa, wasu kuma sodiyum, kuma hanyar juya ɗaya zuwa ɗaya ita ce a ninka sodiyum sau biyu da rabi. Idan gwangwanin da muka yi misali da shi yana da miligiram 600 na sodiyum a ci ɗaya, wanda ya cinye shi ya sha miligiram 1,200, daidai da giram 3 na gishiri, fiye da rabin rabonsa na yini a zama ɗaya, tun bai taɓa miyar dare mai dunƙulen magi ba. A ma'aunin da ake amfani da shi a Birtaniya, abincin da ya wuce giram 1.5 na gishiri a giram 100 mai yawan gishiri ne, wanda bai wuce giram 0.3 ba kuma mai ƙaranci ne. Harshe ba ya iya wannan awo, domin tsamin tumatir da ɗan sukarin da ake zubawa suna ɓoye ɗanɗanon gishirin. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya kamata ya nuna wa likitansa wannan adadi kafin ya mayar da abincin na kullum.

Sauran layukan ba su da wahala. Mai nauyin kilo 60 yana buƙatar furotin kimanin giram 50 a yini, sai ya auna abin da gwangwanin ya ba shi da wannan. Harza, wato ɓangaren abincin da ciki ba ya narkarwa amma yake sauƙaƙa bayan gida, ana son babba ya samu aƙalla giram 25 a yini, kuma yawanta a teburin shaida ce ta yawan wake. Mai ciwon suga ya duba jimillar sitaci da sukari, kada ya tsaya a layin sukari kaɗai. Musulmi kuma ya karanta jerin kayan haɗin da kyau, domin wasu girke-girken Italiya suna sa naman alade ko kitsensa a cikin wannan abinci.

Idan an kawo shi gida, kada a ƙara gishiri ko magi. Abin da ya fi shi ne a yanka alayyafo ko a zuba ganyen zogale, tare da albasa da tattasai, har abincin mutum ɗaya ya ishi biyu, gishirin kuma ya rabu. Wake yana da sinadarin ƙarfe mai taimakawa wajen ƙarin jini, amma jiki ba ya tsotsar na tsirrai da sauƙi. Matsa lemon tsami ko cin ɗanyen tumatir tare da shi yana taimakawa saboda bitamin C, shayi kuwa yana rage tsotsar, don haka a jinkirta shi zuwa bayan awa ɗaya. Idan waken gwangwaninsa daban ne, a tsiyaye ruwan a ɗauraye shi, domin gishiri mai yawa yana tafiya da ruwan.

Kafin a bar kanti, a duba ranar ƙarewar wa'adi, a Najeriya kuma a nemi lambar rajistar NAFDAC. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotsa a bakin murfi, a mayar da shi ko da an karya farashinsa, domin kumburi yana iya zama alamar ƙwayar cuta mai fitar da guba mai kisa. Abin da ya rage bayan an buɗe kuma a juye shi a kwano mai murfi a sa a firij, idan babu wuta kuwa a ɗumama shi sosai a cinye a lokacin.