Yadda Ake Sauraron Simfonin Frederic Cliffe Na Farko

An haifi mai tsara kiɗa Frederic Cliffe a yankin Bradford na ƙasar Ingila a 1857, kuma a watan Afrilun 1889 aka fara kaɗa simfoninsa na farko (simfoni dogon kiɗa ne mai kashi-kashi da babbar ƙungiyar makaɗa take kaɗawa) a zauren Crystal Palace da ke Landan, August Manns yana jagorantar makaɗan. Masu sharhi na lokacin sun yaba masa ƙwarai, amma sannu a hankali aka daina kaɗa shi, shi kuma mai shi ya fi ba da ƙarfi ga koyar da fiyano a Kwalejin Kiɗa ta Masarauta, inda mai tsara kiɗa John Ireland ya yi karatu a hannunsa. Kafin ya rasu a 1931, an kusa manta cewa ya taɓa tsara kiɗa.

Wanda zai saurari wannan aiki, abu na farko da ya kamata ya yi shi ne ya cire Edward Elgar, shahararren mai tsara kiɗa na Ingila, daga ransa. Simfonin Elgar na farko bai fito ba sai 1908, wato kusan shekara ashirin bayan na Cliffe, saboda haka rashin adalci ne a auna na farin da ma'aunin wanda ya zo daga baya. Masu sauraron 1889 kunnuwansu cike suke da kiɗan Jamusawa Brahms da Wagner, kuma da irin wannan kunnen ya dace a zauna. Ma'aunin sautin da Cliffe ya zaɓa, wato C ƙarami, shi ne wanda Beethoven ya gina simfoninsa na biyar a kai, Brahms ma ya gina nasa na farko a 1876, kuma mutumin da ya fara aikinsa da wannan zaɓi ya san sarai da su wa za a kwatanta shi.

Simfonin yana da kashi huɗu. A karon farko a ji su a jere, ba tare da tsayawa ko karanta sharhin kowa ba, a wuri marar hayaniya, domin sassan da aka sassauta kiɗa su ne suka fi saurin ɓacewa a ƙaramar lasifika. A karo na biyu ne aikin yake. A riƙe karin da aka buɗe kashi na farko da shi, har mutum ya iya rera shi da kansa, sannan a bi sawunsa: wane kayan kiɗa ne ya karɓe shi, na tsirkiya ko na busa, ina aka gutsure shi, ina aka juya shi, kuma da wace fuska ya dawo bayan an yi nisa da shi. A ganina, nan ne ake rarrabe gwani da mai kwaikwayo, domin mai kwaikwayo yana iya samo kari mai daɗi, amma ba ya sanin abin da zai yi da shi bayan minti biyu. Kashi mai tafiyar hawainiya kuwa ya cancanci a ware masa zama na daban, a saurari yadda kayan busa suke amsa wa goguna.

Za a ji inuwar Jamusawa a ciki, babu shakka, kuma ba laifi ba ne a lura da ita, matuƙar ba a mayar da sauraron ya zama farautar wurin da aka aro kaza da kaza ba.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi duk kiɗan da aka yi watsi da shi. Simfonin Brahms yana da ɗaruruwan faifai da za a gwada juna, na Cliffe kuwa yawanci ta faifan kamfanin Sterling ake saninsa, wanda Christopher Fifield ya jagoranci makaɗan gidan opera na Malmö da ke Suwidin. Idan wani wuri ya yi nauyi, a yi hattara kafin a ɗora wa Cliffe laifin, domin babu wasu fassarori masu yawa da za a duba. Wanda yake son ƙarin abin aunawa, sai ya nemi kiɗansa na goge da okestra (babbar ƙungiyar makaɗa) na 1896, wanda Philippe Graffin ya kaɗa wa kamfanin Hyperion.