Yadda Ake Fasa Metan da Filasma Mai Sanyi Don Samun Haidirojin

Ƙwayar metan, wato babban sinadarin iskar gas da ake haƙowa daga ƙasa, kabon ɗaya ce da haidirojin huɗu. Idan aka raba su ba tare da iskar oksijin ba, kilo 16 na metan zai ba da kilo 4 na haidirojin da kilo 12 na baƙin kabon kamar kunkunniya, ba gurɓatacciyar iskar da ke ɗumama duniya ba. Abin da ya ja hankalina ke nan.

Da farko a tanadi bututun gilashin kwaz, wato gilashi mai jure zafi, a zura sandar ƙarfe a tsakiyarsa, a naɗe bayansa da ragar ƙarfe, a bar tazarar milimita kaɗan tsakanin sandar da gilashin. Tsarin tsoho ne. Da irinsa injiniyan Jamus Werner von Siemens ya samar da iskar ozon a 1857.

Kafin a kunna komai, a kore iskar da ke ciki da agon ko naitirojin, iskokin da ba sa kama wuta. Kada a yi wasa da wannan mataki. Metan na fashewa idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iska, haidirojin kuwa tun daga kashi 4 har 75. Aikin ɗakin gwaji ne da ƙwararru, ba na gida ba.

Sai a saki metan a hankali, a ba sandar wuta mai ƙarfin dubban bolt da ke juyawa sau dubbai a daƙiƙa. Gilashin zai hana tartsatsi guda ya cinye wutar, sai ta watsu zuwa ƙananan zare masu haske. Wannan ce filasma, wato gas ɗin da wutar lantarki ta ɓalle wa elektiron, ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki. Elektiron ne kawai ke ɗaukar zafin da ya haura digiri 10,000, su yi ta dukan metan suna tsinke shi, gas ɗin kuwa bai yi zafi sosai ba.

Nan fa wahalar take. Gutsattsarin da aka tsinke sukan sake haɗuwa su zama etan, etilin da asetilin. Rage gudun gas yana ƙara yawan metan da ke fashewa, amma yana cin wuta. Ita kuma kunkunniyar tana ɗaukar lantarki, da ta lulluɓe gilashin sai filasmar ta lalace. A riƙa tsayawa ana kankare ta. A ganina duk wanda bai shirya wa kunkunniya tun wajen ƙera bututun ba, bai fara aikin ba.

A mafita a sa matata ta tare ƙurar, a auna gas ɗin, a tace haidirojin ta siririn fallen faladiyam, ƙarfen da haidirojin kaɗai ke iya ratsawa, ragowar metan kuma a mayar da shi bututun.