Yadda na gyara tashin dokina zuwa ƙaramar sukuwa ta hagu

Sukuwa ta hagu ita ce wadda doki ke jefa ƙafar gaba ta hagu gaba da ta dama. Ta dama lafiya lau dokina yake tashi, amma da na nemi hagu sai ya ƙara saurin sassarfa, ya ɗaga kai, ko ya jefa ƙafar dama gaba. Na fara sa an duba bayansa da zaman sirdi, domin doki mai jin ciwo ba ya karɓar horo. Ƙalau yake.

Matsalar tana ƙafar baya ta dama. Ita ce ke fara taka ƙasa idan zai yi sukuwa ta hagu, kuma tasa ba ta da ƙarfi. Sai na koma zagaye mai faɗin mita 20. Ina rage sassarfar da linzami a hankali har ya tattaro jikinsa, dugadugina na hagu a kan majayi, na dama ɗan baya kaɗan, sannan in nemi ya tashi sukuwar daidai lokacin da muke lanƙwasawa hagu. In ya fara gaggawa, ba na kora shi, sai mu sake shiri.

Ya tashi daidai? Taku kaɗan, in sassauta linzami, in shafa wuyansa. Hawan tudu a tafiya ya ƙara masa ƙarfin cinya. Yanzu ko a miƙaƙƙen layi yana tashi ta hagu.