Babi na Bakwai: Idan A-kori-kura Tana Jijjiga a Silo

Wannan babi na tsohuwar a-kori-kura ne mai shan fetur. Mai shan dizal ba ta da fulogin da za mu yi magana a kai, nata darasin daban ne.

Darasi na 1: Saurara tukuna

Silo shi ne lokacin da inji ke aiki, mota tana tsaye, ƙafarka ba ta kan totur. Lafiyayyen inji a silo yana juyawa kamar sau 600 zuwa 900 a minti ɗaya, ƙararsa ba hawa ba sauka. Idan sitiyari yana rawa a hannunka, salansa tana yin "fut, fut" jefi-jefi, to akwai silindar da ba ta ƙona fetur ɗinta. Shi ne makanikai ke cewa mota tana misin.

Silinda ita ce ramin da fistin ke hawa da sauka a ciki. Wata motar 4 gare ta, wata 6, wata 8. Kowace silinda tana son abu huɗu: iska, fetur, tartsatsin wuta daga fulogi, da matsi. In ɗaya ya yi ƙasa, sai jijjiga.

Kafin ka taɓa komai, fito da motar fili, domin hayaƙin salansa yana da gubar da ba ta wari, kuma tana kisa a rufaffen wuri. Ja hambirki. Sa giya a firi. Naɗe hannun rigarka, ka nisanci fanka da bel.

Darasi na 2: Nemo silindar da ba ta aiki

A nan ne aikin yake, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Kada ka ji tsoro, 'yan'uwanka da yawa sun iya, kai ma za ka iya.

Inji a kashe. Buɗe bonet, ka duba wayoyi masu kauri da ke zuwa kan fulogi. Manna wa kowace ɗan salatif, ka rubuta lamba: 1, 2, 3, 4. A yawancin injuna masu silinda 4 a jere, ta 1 ita ce ta gaba, wajen fanka. Murza hular robar kowace waya kaɗan don ta saki, amma ka bar ta a wurinta.

Yanzu tayar da inji. Ɗauki filaya mai hannun roba, kada ka sa hannunka tsirara, wutar wajen tana iya haura bolt 20,000. Kama hular, ba jikin wayar ba. Cire waya ta 1. Saurara na ɗan lokaci kaɗan. Mayar da ita. Sai ta zauna daram sannan ka je ta 2.

Waya ɗaya ake cirewa. A mayar da ita, sannan a taɓa ta gaba. Ɗaya, a mayar. Ɗaya, a mayar.

Dalili kuwa, fulogi ba sa tashi yadda suka ga dama. A yawancin injuna masu silinda 4 jerin tashinsu 1-3-4-2 ne. In ka sa wayar ta 3 a kan ta 2, motar za ta riƙa harbi ta salansa, ko ta ƙi tashi sam, kai kuma ka ɗauka wata sabuwar cuta ce ta same ta.

To, me kake saurare? Ka natsu a nan. Idan ka cire waya, jijjigar ta ƙaru, inji ya nemi mutuwa, wannan silindar lafiyarta lau. Idan ka cire waya, babu abin da ya sauya, ita ce mara lafiyar. Mutum huɗu ne ke ɗauke da gungume: wanda ya saki kaya suka ƙara nauyi, da gaske yake ɗauka. Wanda ya saki ba a ji komai ba, dama can hannu kawai ya ɗora. Mu sake faɗa: ƙara ta sauya, silinda tana aiki. Ƙara ba ta sauya ba, ka kama mai laifi.

In motarka mai injekta ce, wato mai fesa fetur da lantarki maimakon kafireto, ya fi sauƙi ka cire soket ɗin injekta maimakon wayar fulogi. Babu jan wuta, kuma ɗanyen fetur ba ya gangarawa salansa. Doka dai ita ce ta ɗazu: soket ɗaya, a mayar, sannan na gaba.

Na faɗa, na kuma faɗa, amma kusan kowane aji sai an sami wanda zai zare wayoyi huɗun nan gaba ɗaya, ba lamba ba alama, ya riƙe su a hannu yana kallona. Haba jama'a! Manna salatif ɗin nan minti nawa ne? Wanda bai rubuta lamba ba, kada ya taɓa waya. Ɗaya, a mayar.

Darasi na 3: Karanta fulogi

Kashe inji, ka bari ya huce, musamman in kansa na alminiyom ne, don zaren ramin yana saurin lalacewa da zafi. Kwance fulogin silindar da ka kama, shi kaɗai, ka dubi bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, lafiya. Baƙi busasshe kamar kunkunniya, fetur ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai danƙo, baƙin mai ne ke hawowa, a zargi ringi ko robar bawul. Fari fat, fetur ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa. Tazarar bakin fulogi a yawancin motocin nan milimita 0.8 zuwa 1.1 ce, amma ka bi abin da littafin motarka ya ce.

Musanya fulogin da na maƙwabciyarta, ka maimaita Darasi na 2. In misin ɗin ya bi fulogi, sayi sabo. In ya tsaya inda yake, dubi wayar da hular distiributa, wato inda wayoyin fulogi ke fitowa, ko akwai tsagewa ko tsatsa. Da hannu ake fara ɗaura fulogi, sifana daga baya. Kuma, i, waya ɗaya-ɗaya.

Darasi na 4: In ba a kama kowa ba

Idan kowace silinda ta sauya ƙara amma jijjiga tana nan, matsalar ta kowa ce. Kasa kunne ko za ka ji "sss" daga ƙananan tiyo, tsohuwar roba tana tsagewa ta riƙa satar iska. Duba filtar iska da filtar fetur. Kada ka fara da murɗa sukurun kafireto, shi ne na ƙarshe.

Darasi na 5: Fitilar inji

Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 suna da wurin jona na'urar bincike. In fitilar gargaɗin inji ta kama a gaban direba, na'urar za ta nuna lamba: P0301 na nufin misin a silinda ta 1, P0302 ta 2, P0300 kuwa misin ne mai yawo. In fitilar tana ƙyaftawa, daina tuƙi.

Darasi na 6: Matsi

Wuta lafiya, fetur lafiya, silinda har yanzu shiru? Saura bawul, ringi ko gasket. Wannan sai da ma'aunin matsi. Kai wa bakanike, ka gaya masa lambar silindar.