Darasi na 6: A Bar Mai Saye Ya Ɗanɗana Kafin a Ɗaure Leda

A watan Maris da Afrilu albasar Galmi takan cika kasuwa, kuɗinta ya faɗi. A lokacin ne ƙungiyoyin mata a Tahoua suke yanka ta, su shanya, su daka garin gabu na sayarwa. Kilo 10 na ɗanyar albasa ba ya wuce kilo 1 idan ya bushe, don haka kuskure a nan yana da tsada. Kada ku daka buhu guda kafin ku ji bakin masu saye.

Ku fara da kaɗan, ku raba kashi uku. Abu ɗaya tak za ku canza: na farko ba a soya ba, na biyu an soya sama-sama, na uku ya yi ja sosai. In kun canza suya da gishiri da laushin daka gaba ɗaya, ba za ku gane abin da ya jawo aka so wani aka ƙi wani ba.

Ku nemi mutum 10 zuwa 12. Ban da ƴan uwa da maƙwabta, domin kunya za ta sa su yaba. Masu tuwon sayarwa da masu dafa-duka a tasha sun fi kowa amfani, su ne ke girki kullum, kuma ba sa ɓoye aibi. Kowace a ba ta ƙulli uku masu zare ja, fari da baƙi, kowane kashi da launin zarensa, ta yi miya da su a gidanta.

Bayan kwana 3 ku koma, ku tambayi kowace ita kaɗai. A cikin taro, abin da babba ta faɗa shi sauran za su bi. Kada ku ce "Hajiya, ya yi daɗi?" Ku ce "Hajiya, wanne ya fara ƙarewa? Me ya rage a ciki?" Wadda ta zaɓi mai jan zare, a jefa mata tsakuwa ɗaya a kwanon ja, a ƙirga daga baya.

Kuɗi kuwa ba a tambayarsa da baki. Ranar Lahadi ku kai kasuwa da ƙullin dala ashirin da na dala hamsin, ku rubuta nawa aka saya a kowane.

Ku ajiye leda biyu har sati biyu. In garin ya dunƙule, to ko dai albasar ba ta bushe sarai ba, ko bakin ledar bai rufu ba. Da damina a sake wannan gwajin.

Aiki: rubuta sunan sana'ar mutum biyar da za ku ba ƙulli.