Yadda ake koya wa ƙananan yara sana'o'in hannu na al'ummomi da littafin hotuna

Yaron da bai kai shekara bakwai ba ba ya riƙe sunan ƙasa da yawan mutanenta, amma yana riƙe hoton hannun da ke murza zare ko yake shafa yumɓu a jikin tukunya. Saboda haka, idan ana so ya san cewa mutanen duniya iri-iri ne kuma kowace al'umma da basirarta, sana'ar hannu ce hanya mafi sauƙi, littafin hotuna kuma zai kai shi inda ƙafarsa ba za ta kai ba.

Aikin farko shi ne zaɓen littafi, kuma a nan aka fi yin sakaci. Littattafai da yawa kayan da aka riga aka gama suke jerawa, ba a ganin wanda ya yi su, balle yadda ya yi. A nemi wanda ke nuna mai sana'a yana kan aiki, tun daga ɗanyen kaya har zuwa gamawa. A duba kuma ko ya faɗi sunan al'ummar da wurin da take, domin littafin da ya ce "zanen Afirka" kawai ya haɗe ƙasashe 54 wuri ɗaya, alhali bambancin da ke tsakaninsu ake so yaron ya gani.

Dabarar da na fi yarda da ita ita ce a ɗauki tambaya guda a bi ta cikin littattafai biyu ko uku, maimakon a yi ta tsalle daga wannan sana'a zuwa waccan. Misali: ta yaya ake sa wa tufa ado? A tsibirin Java na Indonesiya, mai yin batik tana zana ado da narkakken kaki ta bakin wani ɗan ƙaramin mazubi na tagulla mai mariƙin gora, sannan a tsoma ƙyallen a rini. Duk inda kakin ya rufe rini ba ya kamawa, sai a tafasa ƙyallen kakin ya fita, adon ya bayyana. Bamanawan Mali kuwa, wajen yin bogolan, sukan jiƙa ƙyalle a ruwan ganye, su zana ado da lakar kogi da aka ajiye wata da watanni. Ƙarfen da ke cikin lakar shi ke haɗuwa da ruwan ganyen ya bar baƙi ko da an wanke. Su kuma Ashanti da Ewe na Ghana ba sa jira a gama saƙa, a cikin saƙar suke shigar da adon kente, a siraran ƙyallaye masu faɗin kimanin santimita 10 da ake ɗinkewa gefe da gefe. Hukumar UNESCO ta sa batik a jerin gadon al'adun duniya a 2009, kente kuma a 2024. Idan yaro ya ga amsa uku ga tambaya ɗaya, da kansa zai gane cewa kowa ya yi aiki ne da abin da ƙasarsa ta ba shi.

Lokacin karatu kada a yi gaggawar buɗe shafi. A bar yaron ya ƙare wa hoton kallo, sannan a tambaye shi me matar ta riƙe, me ya sa wannan wurin ya fita fari, me yake tsammanin za ta yi bayan nan. In akwai taswira, a nuna masa wurin da yatsa. Idan ya yi dariya ya ce tufar abin mamaki ce, kada a tsawata masa. A tambaye shi abin da ya ba shi mamaki, a bayyana masa dalilinsa. Ya kamata ya ji cewa ado yana ɗauke da ma'ana: kowane tsarin kente da sunansa, kuma akwai adon batik da a dā 'yan gidan sarautar Yogyakarta da Surakarta, birane biyu a tsibirin Java, kaɗai ke sa shi.

Daga nan sai a koma ga hannu, a ranar ko washegari, kafin hoton ya gushe masa. A ba shi farar takarda da guntun farin kyandir ya yi zane yana dannawa sosai, sannan ya shafa fentin ruwa a kai. Sai zanen da a dā ba ya ganuwa ya fito fili, kamar adon batik da ya gani a littafin. Don saƙa, babba ya yanka takardu masu launi tsiri-tsiri, yaron ya riƙa cusa su a tsakanin juna, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kada a gyara masa karkataccen layi, kuma kada a ce masa ya yi batik ko kente; a ce ya gwada dabarar, domin masu sana'ar shekaru suke yi suna koyo. A bar littafin a buɗe kusa da shi yayin da yake aiki, saboda zai so ya koma ya duba yadda masaƙin ya riƙe zarensa.