Yadda ake zaɓen wuya da gangar jiki idan za a ƙera maka jitar lantarki

Yawancin masu ba da kwangilar jita sukan fara da launi da siffar gangar jiki, alhali wuya ne ya kamata a fara tsayar da magana a kansa, domin shi hannu yake riƙewa, kuma idan an sassaƙa shi bai dace ba, gyaransa yana da wahala.

Abu na farko da za ka faɗa wa maƙerin shi ne tsawon tsirkiya, wato tazarar da ke tsakanin ƙashin da ke kan wuya da jakin da tsirkiyoyi suke zama a kansa. Kamfanin Fender ya saba da inci 25.5, Gibson kuwa inci 24.75, PRS ya tsaya a kan 25. Doguwar tazara tana sa tsirkiya ta yi tauri a yatsa, sautin ya fito garau, gajera kuma tana da laushi wajen lanƙwasa tsirkiya, ta fi wa mai gajerun yatsu daɗi. Wannan awon shi yake nuna inda za a kafa jaki, saboda haka ba a canza ra'ayi a kansa bayan an fara aiki.

Daga nan sai kaurin bayan wuya da lanƙwasar allon yatsu, wato fuskar wuyan da ake danne tsirkiya a kanta; ƙaramar lamba tana nufin ya fi lanƙwasa. Tsofaffin jitocin Fender suna da lanƙwasar inci 7.25, wadda take da daɗi wajen danne tsirkiyoyi da yawa a lokaci guda, amma idan an saukar da tsirkiya ƙasa sosai, sautin yakan shaƙe lokacin da aka tura ta sama. Na Gibson inci 12 ne, ya fi shimfiɗuwa. Akwai kuma allon da yake farawa da inci 10 a kusa da kai ya ƙare da 16 a ƙasa, kuma a ganina shi ya fi cancantar ƙarin kuɗi. Lambobi kaɗai ba sa isa a nan. Ka nemi jitar da hannunka ya saba da ita, a sa ma'auni a auna kaurin wuyanta a firet na 1 da na 12 (firet su ne ƙananan ƙarafan da aka gicciya a kan allon yatsu), a miƙa wa maƙerin.

Batun katako yana buƙatar natsuwa ga wanda yake zaune inda hunturu yake busar da komai. Idan allon yatsu ya bushe yakan tsuke, ƙarfen firet kuwa ba ya tsukewa, sai bakinsa ya leƙo ta gefe yana kartar tafin hannu. Shi ya sa ya kamata a nemi katakon mapul da aka gasa a tanda, wanda ba ya motsi sosai da sauyin yanayi, a kuma roƙi a goge bakin kowane firet ya yi santsi. Haka nan, a tabbatar sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda take daidaita miƙewarsa, ana ɗaure ta ne ta wajen kai, domin a tsofaffin samfuran Fender sai an kwance wuyan kafin a kai ga kusar, ga shi kuwa tsakanin damina da rani za a buƙaci taɓa ta. Baƙin katakon eboni, wanda da yawansa daga Kamaru yake fitowa, yana da santsi da ƙarko, sai dai yakan tsage idan ya sha bushewa ba a shafa masa mai ba.

A ɓangaren gangar jiki, nauyi ya fi sunan itace muhimmanci. Fender ya fara da katakon ash, ya koma alda a 1956, jitar Les Paul ta Gibson kuwa mahogani ce da fuskar mapul, kuma ba abin mamaki ba ne ta haura kilo 4. Mahoganin Afirka, ɗan uwan maɗaci, yana yin aikin da kyau. Mai tsayuwa dare guda yana kiɗan biki ya rubuta iyakar nauyin da yake so, ko ya nemi a rarake cikin katakon, a kuma zabtare inda ciki da damtse suke jingina. Gardamar ko nau'in katako yana canza sautin jitar lantarki ta daɗe, amma na'urar ɗaukar sauti da amfilifaya sun fi shi tasiri nesa ba kusa ba, don haka a nemi a fafe gurbi mai faɗi wanda zai karɓi kowace irin na'ura nan gaba.

Wajen haɗa wuya da jiki, ɗauri da kusoshi 4 ya fi sauƙin gyara a kan wanda aka manne da gam, tunda ana iya cire wuyan a sa wani. Sai dai a jitocin Fender, dugadugin wuyan Stratocaster, wato ƙarshensa da ke shiga jiki, zagayayye ne, na Telecaster kuma mai kusurwa, saboda haka wanda zai sayi sassan daga wurare daban ya tabbatar sun dace da juna kafin ya biya. Bahago kuma, irin makaɗin jita Mdou Moctar na Nijar, ya faɗi haka tun ranar farko, domin ana juya sassaƙar jikin da yankan ƙashin wuya gaba ɗaya.